Gumi Ba Ya Wanke Jinin Gidanmu

Kende, Talata bayan azahar

Zuwa ga ɗana Sanusi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa irin ta uba da ɗansa, ina roƙon Allah ya kai ka Birnin Kebbi lafiya gobe, ya tsare ka daga sharrin hanya da na direba mai gaggawa, ya haɗa ka da abokan zama nagari a sansanin da za ku shiga. Ya kuma tsare ka daga taurin kanka, don shi na fi jin tsoro a kan duk sauran.

Na ɗauki biro ne saboda jiya na gwada baki bai yi ba. Na yi ta ɗaga murya har kajin innarka suka watse, kai kuma ka sunkuyar da kai kana zanen ƙasa da yatsan ƙafa kana “to Baba, to Baba”, irin “to” ɗin da na san ba ta wuce leɓe ba. Innarka za ta sa takardar nan a jakarka, ƙarƙashin bantenka na kokawa, inda na tabbata hannunka zai kai. Ka karanta ta har ƙarshe. Ban kai ka makaranta don ka riƙa karanta saƙon waya kaɗai ba.

Fushi nake yi da kai, kuma ba zan ɓoye ba. Masu horar da 'yan kokawar jiha sun zaɓe ka, suka ce kowa ya kawo takardar gwajin jini cikin makon farko. Ka je asibiti a Bagudo aka ɗebi jininka. Likita ta duba ta ce kitsen da ke toshe hanyoyin jini ya yi maka yawa, yawan da bai kamaci ɗan shekara ashirin da biyu ba. Ta ce ka huta kwana uku, ba gudu ba ɗaga ƙarfe, ka dawo da safe ba ka karya ba a sake ɗiba, kuma ka zo da ubanka. Sai ka yi me? Ka ninke takardar ka cusa a aljihu, ka wuce kasuwar Zagga, wanzami ya kafa maka ƙaho shida a gadon baya. Washegari ka sa rigar leda ka yi ta gudu a hanyar gona cikin rana, wai kana ƙona sauran.

Ni ban san wainar da ake toyawa ba sai da innarka ta hango tsagar askar a bayanka kana wanka a bakin rijiya. Kai ɗan fari ne, sunanka ma ba ta iya kamawa, balle ta tsare ka da tambaya. Ta zo ta tsaya a kaina ina gyaran igiyar shanu.

“Malam, yaron ga ya sha ƙaho,” in ji ta. “Kuma ni dai ban ji ya ce bayanshi na ciwo ba.”

Da na titsiye ka, ka dube ni ido cikin ido ka ce: “Baba, ai mugun jinin na hidda shi. Na gan shi da idona cikin ƙahon, baƙi ƙirin. Sauran kuwa gumi ya wanke shi.”

Wannan maganar ce ta hana ni cin tuwo jiya. Ba don wautarta kaɗai ba, ko da yake wauta ce ta buga misali. Ta tsaya mini a wuya ne saboda daga bakina ka ji ta. Ni na koya maka ita tun kana riƙe mini guru a bakin fage. Don haka rabin fushin da ke cikin takardar nan naka ne, rabi nawa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibiya, yau zan faɗa maka ɓarnar da na yi ɗaya bayan ɗaya, har da wadda ban taɓa faɗa wa kowa ba.

Shekara goma sha bakwai na yi ina kokawa. Daga Zagga zuwa Illo, daga Lolo har tsallaken iyaka, ba fagen da makaɗa ba su yi mini kirari da Ƙiryar Kende, icen da ya gagari gatari, ba. A duk shekarun nan abin da na yi imani da shi bayan Allah da Manzonsa shi ne gumi. Na ɗauka duk abin da mutum ya ci, in dai ya yi gudu ya yi gumi, ya fita. Furata ba a dama ta sai an kwarara mata ludayin man shanu, wanda abokaina na ruga ke aiko mini daga Kaoje a ƙwarya. Ranar kasuwa mahauta sun san tozon sa nawa ne, kowa ya taɓa shi mun ɓata. Bargo kuwa da cokali nake sha. In wani ya ce Garba wannan kitsen fa, sai in daki ƙirji in ce ya zo ya nuna mini inda ya kwanta. Gaskiya kuma ba ka ganin komai a jikina sai tsoka, abin da ya ƙara ruɗa ni ke nan. Ina duba waje, ɓarnar tana ciki.

Yau da safe na hau babur na tafi Bagudo da takardar gwajinka, wadda innarka ta tsinta a aljihun wandonka za ta yi wanki. Na sami likitar. Farkon abin da ta ce shi ne da kai ta so ganina, ba ni kaɗai ba. Na haɗiye kunyata na zauna. Ta shimfiɗa takardar a tebur tana bin ta da yatsa layi-layi, ni kuma na ce ta yi mini da Hausar manoma.

Kada ka ce na tauye maka haƙƙi, ta yabe ka. Ta ce duk wanda ya iya karatun jini zai gane mai wannan takarda ɗan wasa ne ko bai gan shi ba. Akwai wani kitse mai amfani wanda aikinsa share hanyoyin jini, naka yana sama. Sukarin jininka daidai. Maiƙon da ke yawo a jini bayan an ci abinci, naka kaɗan ne. Zuciyarka na bugawa a natse ba gaggawa.

“Duk waɗannan horo ne ya saya masa su, Baba,” ta ce. “Ba ƙarya ba ne, motsa jiki yana gyara jini. Amma dubi wannan layin.”

Layin kitsen da ke manne wa bangon jijiya ne, yana taruwa a hankali har ya rufe wa jini hanyar zuwa zuciya. Ta ce a jikin yawancin mutane hanta ce ke kwashe shi, gudu da gyaran abinci su ɗan taimaka mata. Amma akwai gidajen da aka haife su hantarsu ba ta kwashe shi yadda ya kamata, kuma iyaye kan ba 'ya'yansu kamar yadda ake gadon tsawo. Masu irin wannan jini, gudu na rage musu kaɗan ne, ba ya kai shi inda ake so.

“Ko zai yi gudu daga nan har Kamba kullum, wannan layin ba zai sauko yadda muke so ba sai da magani,” in ji ta.

Na ce mata ka sha ƙaho. Ba ta yi dariya ba, Allah ya saka mata, amma na ga ta cije leɓe. Ta ce jinin da ya fita jiki ya sha iska dole ya yi baƙi ya daskare, ko na jariri ne. Wanzami ya ɗebi abin da bai cika kofin shayi ba daga fatar bayanka, hantarka kuma tana nan tana aikinta yadda ta saba.

To ka ji. Ka ci gaba da gudunka, ni ban ce ka bari ba, ita ma ba ta ce ba. Amma ka daina ɗaukar gumi sabulu. Man shanun da innarka ta ɗura maka a gora don guzuri na sa ta fitar da shi, kada ka neme shi ka ce an yi maka sata. Ga kifin gulbi, ga wake, ga zogale, ba wanda suka taɓa hana shi kayar da mutum.

Maganar ƙahon nan ma ina da hannu a ciki, bari ka ji inda ta samo asali. Ina da shekara talatin da huɗu muka tsallaka iyaka zuwa garin Malanbil wata kokawar kaka. Na kama mutum uku a yini ɗaya, na ukun wani Badende ne, ɗan ƙasar can, mai nauyin tsiya, muka daɗe muna murza juna kafin in sami ƙafarsa. Washegari na tashi jikina kamar an daka ni a turmi, fitsarina ya koma launin shayi. Na tsorata, aka kai ni wani asibiti a can. Suka ɗebi jini, ma'aikacin ya dawo yana zare ido, da Faransancinsa da guntuwar Hausarsa ya ce jinina ya nuna tsoka ta ji rauni sosai, har da alamar zuciya ta wahala. Ya ƙara mini ruwa, ya ce in huta in dawo bayan mako guda.

Na dawo gida na kira wanzami. Ya kafa mini ƙaho, na kwanta kwana bakwai ina shan ruwa da kunu saboda ko tashi ba na iya yi sosai. Da na koma aka sake gwaji, waɗancan alamu sun sauka. Wa na gode wa? Wanzami. Har zakara na kai masa. Na zagaye Kende ina ba da labari cewa abin da ya gagari masu farar riga ƙaho ya cire shi. A ranar kuwa ma'aikacin ya nuna mini wani layi a ƙasan takardar ya ce wannan bai motsa ba, kitse ne, in nemi likita a ƙasarmu. Na ce masa to. Irin “to” ɗinka ta jiya.

Sai bayan shekaru aka fahimtar da ni abin da ya faru. Duk ɗan wasan da ya yi aikin ƙarfi fiye da kima, jininsa kan nuna alamar rauni na ɗan lokaci, in ya huta su koma da kansu. Hutun kwana bakwai ne ya saukar da su, ba askar wanzami ba. Wanda ya kamata in ji tsoro shi ne layin da bai motsa ba, shi ne kuma na yi wa kunnen uwar shegu.

Ka ga ke nan dabarar da ka shirya za ta kai ka ta baro. Na ji ka gaya wa abokanka cewa a Birni za ka tashi da asuba ka yi gudu mai tsanani, ka shiga ɗakin gwaji da gumi a jika, don jinin ya fito fes. Wawa! In ka yi haka kitsen yana nan inda yake, ka kuma ƙara wa takardar alamun raunin tsoka da na zuciya waɗanda da ba su nan. Da hannunka za ka sa su maido ka gida a motar farko. An ce ka huta kwana uku, ka huta kwana uku. An ce kada ka karya, ko ƙosai ɗaya kada ka sa a baki. Ba a yi wa gwajin jini wayo, in ma ka yi nasarar yi masa, kanka ka cuta.

Da na ajiye bante ina da shekara arba'in, sai na sake tafka wata. Na sayi babur na shiga jigilar kaya tsakanin Lolo da Bagudo. Mutumin da ke gudu kafin rana ta fito ya koma zama a kan sirdi daga safe har magariba. Gudu na bari, amma ban bar akushin ɗan kokawa ba. Ludayin man shanu yana nan, tozo yana nan. A raina ina cewa ƙarfin da na tara na shekara goma sha bakwai zai kai ni har kabari, kamar hatsin da aka zuba a rumbu. Ashe amfanin horo a jini ba ya ajiyuwa, kana bari yake fara zarewa cikin 'yan makonni. Kitsen mai amfani ya sauka, sukari ya hau, tumbi ya fito, wancan na gado kuma ya sami fili.

Shekara biyar ke nan da ranar da na faɗi a kasuwar Bagudo. Kai kana makarantar kwana, abin da aka gaya maka shi ne zazzaɓi ya kayar da ni. Ba zazzaɓi ba ne. Ina sauke buhu na ji kamar an ɗaure mini ƙirji da igiyar rijiya ana ja, gumi mai sanyi ya karyo mini, na durƙusa a gaban masu tumatir. Ni Ƙiryar Kende, wanda gwiwarsa ba ta taɓa ƙasa a fage ba sai sau huɗu, ga ni mata na yi mini fifita da faifai. Aka kwashe ni zuwa Birni. Allah ya yi da sauran shan ruwa a gaba.

A can ne wani likitan zuciya, dattijo mai furfura, ya yi abin da ban taɓa mantawa ba. Bayan ya gama sauraren ƙirjina sai ya koma ƙarshen gado ya kama bayan ƙafata. Ya murza agarata, jijiyar nan ta saman dugadugi, da yatsu biyu.

Ka san agarar gidanmu. Kauri gare ta, da ƙulli-ƙulli kamar an ɗaura igiya a ƙarƙashin fata. Kakanka yana da ita, ni ina da ita, baffanka Mamman yana da ita. A Kende alamar gidan ƙarfi ce. Makaɗa har waƙa suke yi mana, masu agarar raƙumi, ba a tuge ku. In abokin karo ya hango ta tun kafin a kama jikinsa ke yin sanyi. Don haka da na ga likita ya tsaya a kanta, ina kwance da robar ruwa a hannu amma sai da na ji kaina ya kumbura.

“Gado ce, likita,” na ce masa. “Haka ubanmu ya bar muna.”

“Na ga alama,” ya ce. “Shekararsa nawa ya rasu?”

Na ce bai kai hamsin ba, a gona aka same shi kife a kan kunya da fartanya a hannu. Ya gyaɗa kai. Ya ce ƙullin nan ba ƙarfi ba ne, kitsen da ya yi wa jini yawa ne jiki ke ajiyewa a agara. Abin da ke ƙafata a fili shi ne ke cikin jijiyoyin zuciyata a ɓoye.

Sanusi, kana da shekara goma sha uku muka dawo daga gona, kana wanke ƙafa, na hango bayan dugaduganka. Na kira ka na taɓa, na ji ƙullin ya fara fitowa. Ka tuna abin da na yi? Na yanka zakara, na sa innarka ta yi tuwon shinkafa, na kira maƙwabta na ce magajina ya bayyana. Na yi walima a kan ciwon da ke neman ranka. Duk lokacin da na tuna sai in ji kamar in mari kaina.

Wannan na yi shi cikin jahilci, Allah na gani. Na gaba ba ni da wannan uzurin. Ranar da za a sallame ni, dattijon nan ya riƙe hannuna ya ce in kawo 'ya'yana duka a gwada su, tun suna yara ake tarar abin. Na ce to. A shekarar ce ka kayar da ɗan Zagga a kokawar sallah, gari ya ɗauke ka a kafaɗa. Na dube ka a sama, na ce a raina in na kai ka suka ce ka bar fage fa? Ban kai ko ɗayanku ba. Kowace safiya ina haɗiyar ƙwayata a ɓoye a bayan ɗaki kamar mai satar nama, kada a ce Ƙirya ya zama majinyaci, ina kallonka kana shan fura da man shanu. Shekara biyar na bar kitsen nan yana taruwa a jikinka don ina son jin sunan gidanmu a bakin makaɗa. Wannan son kai ne, ba shi da wani suna.

Shi ya sa na san abin da ke ranka. Tsoro kake ji kada masu horo su ga takardar su ce ka koma gida. Na tambayi likitar Bagudo wannan kai tsaye. Ta ce ba ita za ta yanke ba, sai an sake gwaji an kuma duba zuciyarka da na'ura, amma akwai 'yan wasa masu irin jininka da ke shan maganinsu suna ci gaba da wasansu. Ta ce wanda aka gano da wuri shi ne mai sa'a. Ta kuma ce in ja maka kunne a kan alluran ƙarin tsoka da ƙwayoyin da ake shigowa da su ta kan iyaka, waɗanda na san ba za ka rasa mai tallarsu a sansani ba. Suna kashe kitsen mai amfani, su ƙara mugun. Ga mai jininka guba ce. In na ji ka taɓa su, wallahi sai ka gwammace kiɗa da karatu.

Saura ɗaya. Na daɗe biro na tsaye kafin in fara wannan.

Baffanka Mamman ya bar duniya kana da shekara goma sha huɗu. Abin da ka sani shi ne abin da duk Kende ta sani, wai sammu aka yi masa daga tsallake, don saura kwana uku ya kama da wani ɗan kokawar can a Lolo. Har yau matarsa in an ambaci mutumin sai ta tofar da yawu. Ba wanda ya yi masa sammu.

Ni ke horar da shi a lokacin. Yana da shekara talatin da tara, ya fi ni iya kaye nesa ba kusa ba, ga ladabi, ban taɓa cewa ya yi abu ya musa ba. Ran nan bayan la'asar na kai shi bakin gulbi yana gudu a cikin yashi, ni ina zaune a kan babur ina ƙirga masa zagaye. A na biyar ya tsaya, ya dafe ƙirji, ya tako wurina a hankali.

“Yaya, dakata,” ya ce. “Ƙirjina awa an aza min buhun shinkahwa. Har hannun ga na hagu ya mutu.”

Na dube shi, fuskarsa ta yi toka-toka. Na gani da idona. Ka san abin da na ce masa?

“Ragwanci na, Mamman. Maiƙon da kac ci jiya na ya tsaya ma. Tashi ka hidda shi da gumi. Saura biyu.”

Ya ce, “To Yaya.” Ya juya ya koma cikin yashin. Bai gama na farkon ba ya faɗi kusa da wani kwale-kwale da aka kife. Kafin in kai wurinsa ya fara shure-shure. Na ɗora kansa a cinyata ina kiran sunansa ina yi masa kalmar shahada, har ya daina motsi.

Da na kawo shi gida na ce muna tafe ne kawai ya yanke jiki. Mutane suka ce sammu, na bar su suka ce. Ya fi mini sauƙi a zagi baƙon da bai san hawa ba bai san sauka ba, a kan a san cewa ƙanena ya gaya mini ciwonsa da bakinsa na mayar da shi gudu. Na san kwana in ya ƙare ya ƙare, malamai sun faɗa kuma na yarda. Amma ajali daban, abin da bakina ya furta daban, kuma shi za a tambaye ni. Innarka ba ta san wannan ba. Kai ne mutum na farko da ya ji, kuma na yi niyyar zuwa wurin matar Mamman ranar Juma'a in faɗa mata, ta yi mini duk abin da ta ga dama.

Don haka ka buɗe kunnenka. Ranar da ka ji nauyi a ƙirji, ko numfashi ya ɗauke maka ba kamar yadda ka saba ba, ko jiri ya ɗebe ka cikin gudu, ka tsaya. Ko mai horo na yi maka ihu, ko fage ya cika ya batse, ko makaɗi ya fasa ganga a kan sunanka, ka tsaya ka ce a kai ka asibiti. Wanda ya kira ka rago ka ce masa ya gode. In ni kaina na zo na ce ka ci gaba, kada ka ji maganata.

Ga abin da na yanke, kuma ba shawara nake ba ka ba. Kana sauka Birni ka nemi likitan sansani ka miƙa masa takardar Bagudo, na mayar maka da ita tana cikin wannan ambulan. Ka gaya masa ubanka ya taɓa faɗuwa da ciwon zuciya, kakanka da baffanka sun mutu ba su kai hamsin ba. Ka cire takalmi ka nuna masa agararka. Ka huta kwanakin da aka ce, a ɗebi jinin, a duba zuciyar. In sun ba ka ƙwaya ka sha ta kullum a gaban kowa, ba a bayan ɗaki ba. Ƙannenka huɗu kuma ni zan kai su Bagudo jibi, na riga na gaya wa likitar.

Na ba ka kwana bakwai ka kira ni ka haɗa ni da likitan in ji daga bakinsa. In kwana bakwai suka cika ban ji ba, zan hau mota in zo sansanin, in tsaya a tsakiyar fili a gaban abokanka da masu horar da ku in faɗi komai da muryar da ka sani. Ka san zan iya. Na gwammace ka yi shekara ba ka gaishe ni ba.

Idan an gwada sun ce ka ci gaba, ka kama kowa ka kayar, ina bayanka, ni zan fi kowa ihu. Idan sun ce ka ajiye bante, ka dawo gida, gona tana nan, ba wanda zai yi maka dariya ina raye. Ba na bukatar rago ko babur ɗin da ake ba zakaran fage. Kai nake bukata.

Innarka tana gaishe ka, ko da yake ba za ta faɗa ba. Tun safe take ninke kayanka tana warwarewa.

Allah ya kiyaye hanya, ya tsare gabanka da bayanka, ya ba ka lafiyar da ta fi ƙarfi. Ya yafe mini abin da na koya maka. Ranar da muka kai Mamman, ni na shiga ramin na karɓe shi da hannuna, na san nauyin ɗan kokawa a cikin likkafani. Ina roƙon Allah, in lokacin ya yi, kai za ka shiga ka karɓe ni, ba ni zan karɓe ka ba. Amin.

Ubanka,
Garba